Zuwa kallon gasar dawaki a Aachen: tikitin da za ka saya, wurin da za ka tsaya, da abin da za ka sa wa ido

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Zazzau ne, ina da dawakai biyu a barga, ina kuma hawan sallah tun ina yaro. Na daɗe ina ganin gasar dawakan Turai a waya, yanzu Allah ya hore mini hali ina so in je in gani da idona. Wace gasa ta fi dacewa da mai zuwa karon farko, wane tikiti zan saya, me zan kalla, kuma ko zan iya sayo doki ko kayan doki daga can?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka nufi birnin Aachen na ƙasar Jamus. Akwai manyan gasanni a Janiba da Calgary da Doha da sauran wurare, amma ga wanda zai kashe kuɗin jirgi da biza don ya je sau ɗaya, babu inda zai ga rassan wasan da yawa a fili ɗaya cikin mako guda kamar Aachen.

Da farko ka cire sukuwa da folo daga ranka, ba su ne za ka tarar ba. Kowannensu yana da hukumarsa daban. Gasannin da kake gani a waya suna ƙarƙashin FEI ne, hukumar wasannin dawaki ta duniya, wadda aka kafa a 1921, hedikwatarta tana Lausanne a Suwizalan. Daga 1990 zuwa 2018 takan tara dukkan rassanta a gari ɗaya duk bayan shekara huɗu: an fara a Stockholm, an yi a Aachen a 2006, an yi na ƙarshe a Tryon ta Amurka. Ɗawainiyar ta yi wa masu masauki nauyi, shi ya sa a 2022 aka raba, wasu rassan a Herning ta Denmak, wasu a Pratoni del Vivaro kusa da birnin Rum. Sannan FEI ta ba Aachen ɗaukar nauyin gasar duniya ta 2026, daga 11 zuwa 23 ga Agusta, da rassa shida. Amma ba sai shekarar gasar duniya ake samun abin kallo a can ba. Kowace shekara ana yin babbar gasar dawakin garin, wadda ake kira CHIO Aachen, galibi daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, kuma mahayan da za ka gani a gasar duniya su ne dai suke zuwa. Ƙungiyar da ke shirya ta an kafa ta tun 1898, an fara taron a filin Soers a 1924, ya zama na ƙasa da ƙasa a 1927. Mutum wajen 350,000 ke shiga cikin kwanakin. Ka duba ranakun shekarar da za ka je a shafin masu gasar, don sukan matsa.

Yadda aka saba tsara makon: ranar Talata bikin buɗewa, Alhamis da dare gasar ƙasashe ta tsallaken shinge a ƙarƙashin fitilu, Asabar ratsa fili da tseren karusai masu doki huɗu, Lahadi da safe gasar taku da kiɗa, da rana kuma babbar gasar tsallake. Idan kwana huɗu kawai kake da su, ka ɗauki Alhamis zuwa Lahadi. Bikin buɗewa yana da kyau, amma mutumin da ya saba ganin hawan Daushe ba zai ga abin da zai ɗaga masa hankali a wurin ba.

Nan ne nake so mu zauna sosai, domin idonka ya saba da wani irin kallo. A hawan sallah abin da ake dubawa shi ne ado, da cikar ingarma, da yadda mahayi ya zauna, da zamiyar da doki zai yi a gaban sarki lokacin jahi. A Aachen kusan babu ado. Sirdi ɗan ƙarami ne, mahayi yana cikin kwat da hular kwano, dokin ma sau da yawa goɗiya ce ko dandaƙaƙƙe. Maza da mata suna karawa da juna a aji ɗaya, ba a raba su. Wanda ya je neman ƙawa zai ga doki na farko ya yi tsalle, na biyu ya yi tsalle, kafin na goma ya fara duba waya. Abin kallon yana cikin tazarar da ke tsakanin shinge da shinge, kuma sai an koya wa ido kafin ya gan shi.

Dokar tsallaken ba ta da wuya. Ana jera shingaye kamar 13 ko 14, wasu an haɗa su biyu-biyu ko uku-uku kusa da juna, tsayinsu a babbar gasa ya kai mita 1.60. Ana neman mai ƙarancin makin laifi. Sanda ta faɗi, maki 4. Ƙafa ta taɓa ruwa ko farin layin bakin kududdufi, maki 4. Doki ya ƙi tsallakewa ko ya kauce, maki 4, in ya sake an fitar da shi. Mahayi ya faɗo, an fitar da shi nan take. Akwai kuma lokacin da aka ƙayyade, duk sakan ɗin da aka ƙara a kai maki ne. Bayan ƙararrawa ta kaɗa, mahayi yana da sakan 45 ya ƙetare layin farawa. Taɓa sanda ba laifi ba ne muddin ba ta faɗo ba, shi ya sa za ka ji mutum 40,000 sun ja numfashi tare idan sanda ta yi rawa a mazauninta ta koma ta zauna.

To ga inda gizo yake saƙar. Taku ɗaya na irin waɗannan dawakai a gudun da ake tsallake da shi ya kai kusan mita 3.6. Mai tsara fili ya san haka, don haka sai ya ajiye shinge biyu a tazarar da ba ta cika taku biyar daidai ba, ba ta kuma kai shida ba. Dole mahayi ya zaɓa: ko ya saki doki ya miƙe ya yi biyar masu faɗi, ko ya tattaro shi ya yi shida gajeru. In ya yi biyar, doki zai iso a miƙe, kuma idan shinge na gaba mai tsaye ne siriri, ƙafafun gaba za su kwashe sandar sama. In ya yi shida, ƙarfin turawa ya ragu, kuma idan na gaba mai faɗi ne, ƙafafun baya za su sauka kan sandar baya. Lokaci kuma yana tafiya. Mazaunin da sandunan ke kai ba shi da zurfi, ɗan goga kofato ya isa ya kayar da su. Tsayin shinge ba shi ne ke kayar da manyan dawakai ba, kusan dukkansu za su iya tsallake abin da ya fi haka. Wurin da aka ajiye shi ne jarrabawar. Frank Rothenberger, wanda ya daɗe yana tsara filin Aachen, ya san yadda zai sa babban kududdufi, wanda sai doki ya zo da gudu zai haye, sannan 'yan taku kaɗan a gaba ya kafa abin da ke bukatar doki ya dawo hannu nan da nan.

Saboda haka ka iso wurin zamanka aƙalla rabin sa'a kafin a fara. Za ka ga an buɗe fili mahaya sun shigo da ƙafa, suna tafiya daga wannan shinge zuwa wancan da dogayen taku, leɓɓansu na motsi. Awo suke yi: takun mutum huɗu shi ne takun doki ɗaya. Dokin kansa bai taɓa ganin wannan tsari ba, sai lokacin da zai shiga. Ka lura da inda suka taru suna gardama da masu horar da su, nan ne sanduna za su zube. Idan an fara, ka zaɓi layi ɗaya kusa da kai, ka riƙa ƙirga taku daga saukar doki zuwa tashinsa. Bayan dawakai biyar ko shida za ka gane wa ya yi biyar, wa ya yi shida, da abin da ya biyo baya. Daga nan ba za ka ƙara duba waya ba. Har za ka fara sanin sanda za ta faɗi tun doki bai bar ƙasa ba, don ka ga ya matso gindin shinge da yawa ko ya tashi daga nesa.

Filin Aachen na ciyawa ne, kuma babba ne ƙwarai, wajen mita 145 a 124. Wannan girma yana canja wasan. Dokin da ya saba da ƙananan filayen yashi na cikin ɗaki yakan gaji ko ya rikice a nan, wani kuma sai a nan yake sakin jiki. Babbar gasar Lahadi zagaye biyu ce: mahaya 40 ke farawa, 18 mafiya kyau su wuce zagaye na biyu, waɗanda suka yi kunnen doki a sama su dawo zagayen raba gardama, inda aka rage shingaye, mafi sauri ba tare da laifi ba ya ci. A wannan zagaye ka daina kallon tsalle, ka kalli kwana. Ba mai gudu ne ke cinyewa ba, wanda ya yanke hanya ya rage taku ne. Kuɗin da ake rabawa ya haura Yuro miliyan ɗaya, amma abin da mahayan suka fi so shi ne sunansu ya hau allon da ke jikin hasumiyar alƙalai. Nick Skelton na Birtaniya ya hau sau huɗu, na ƙarshe a 2013 kan Big Star, dokin da ya ci zinaren Olamfik da shi a Rio a 2016 yana da shekara 58. Aachen kuma tana cikin manyan gasanni huɗu na Rolex Grand Slam, tare da Spruce Meadows ta Calgary da Janiba da 's-Hertogenbosch ta Holan. Scott Brash ya ci uku a jere kan Hello Sanctos, ya kammala a 2015.

Ni dai daren Alhamis ya fi kwanta mini a rai fiye da Lahadi. Kowace ƙasa tana da mahaya huɗu, ana bin tsari ɗaya sau biyu, ana yar da makin wanda ya fi laifi a kowane zagaye. Tunda shingayen ba su canja ba, kana iya ganin wanda ya gyara kuskurensa na farko da wanda dokinsa ya fara gajiya. Kuma nauyin ƙasa a wuyan mahayi na huɗu abu ne da ake gani a zamansa tun daga ƙofa. Idan kana neman wanda za ka mara wa baya, Larabawa sun taka rawa a wannan fage: Abdullah Al Sharbatly na Saudiyya ya ci azurfa a gasar duniya ta 2010 a Kentucky, ƙungiyar Saudiyya ta ci tagulla a Olamfik na Landan a 2012, Abdelkebir Ouaddar na Maroko kuma ya yi suna a Turai kan Quickly de Kreisker, dokin Sarki Muhammad na Shida. A zamanin da Sharbatly ya ci azurfarsa, mahaya huɗu na ƙarshe sukan yi musayar dawakai, kowa ya hau na kowa. An daina wannan bayan 2014, kuma ina cikin masu ganin an yi asarar abin kallo, ko da yake an sauƙaƙa wa dawakan.

Wurin da ba a sayar masa da tikiti na musamman, amma ga mai doki irinka ya fi kujera mai tsada, shi ne filin share fage, inda ake ɗumama dawakai kafin su shiga. Kana tsaye a bakin katanga doki zai wuce ka da taku kaɗan. A nan za ka ga girmansu na gaskiya, dawakai masu nauyin kilo 550 zuwa 600, irin Holsteiner da Hanoverian na Jamus, da Selle Français na Faransa, da na Holan da Beljiyam. Za ka ji numfashinsu. Za ka ga linzamin da aka sa wa kowanne, da yadda hannun mahayi yake kusan tsaye cik, aikin duk yana ƙafa da ƙugu. Ka kwatanta da linzaminmu mai zobe, wanda ɗan ja kaɗan yake sa doki ya zauna kan ƙafafun baya. Namu an yi shi don tsayawa farat ɗaya, nasu an yi shi don doki ya yarda ya jingina bakinsa da hannu ba tare da tsoro ba, domin dokin da ke tsoron bakinsa ba ya miƙa wuya a kan shinge. Ka kuma kalli masu kula da dawakan, waɗanda mu za mu kira muri. Yawancinsu 'yan mata ne, suna ɗauke da tsumma da bokiti, su ne suka san wace ƙafa ta kwana da zafi. Ka duba kofato ma: King Edward, wanda Henrik von Eckermann na Suwidin ya ci gasar duniya da shi a Herning a 2022, ba a buga masa takalmin ƙarfe, kuma wasu sun bi sahu.

A wannan fili za ka ga jami'ai a tsaye suna sa ido. Ba ado ba ne. Suna duba ƙaimi, da bulala, da matsin igiyar hanci, bayan an fito kuma a duba baki da haƙarƙari ko akwai jini. Kafin gasa ta fara, likitoci sukan sa a zagaya da kowane doki a hannu a kan ƙasa mai tauri, mai ɗingishi ba ya shiga, ana kuma ɗibar jini da fitsari don gwajin ƙwayoyi. Kada ka ɗauka duk wannan yana nufin babu zalunci a wasan. A 2024 Charlotte Dujardin, wadda ta ci zinaren Olamfik har uku, ta janye daga gasar Paris bayan fitowar wani bidiyo da ya nuna tana zabga wa doki bulala a wurin horo, FEI ta dakatar da ita shekara guda. Ka kalli bakin doki da kunnuwansa da jelarsa. Kai mai doki ne, ka san alamar dokin da ake tilasta wa.

Gasar taku ita ce ta fi wuyar shiga ran baƙo. Fili ne na yashi, mita 20 a 60, da haruffa a gefe, alƙalai suna zaune a ƙananan ɗakuna kewaye da shi, biyar a yawancin gasanni, bakwai a gasar duniya. Kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10, a tattara a mayar da shi kashi cikin ɗari. Kashi 70 aiki ne mai kyau, 80 na zakaru ne, mafi girma da aka taɓa samu a reshen kiɗa shi ne 94.3, na Dujardin ɗin nan kan Valegro a Landan a 2014. Za ka ga doki yana sassarfa a wuri ɗaya ba ya gaba, za ka ga yana juyawa kan ƙafafun baya, za ka ga yana sauya ƙafar da ke gaba a kowane taku kamar mai tsallen murna. Wanda ya san takama ba baƙo ne a nan ba. Bambancin shi ne alƙalai suna neman ƙafafun baya su shigo ƙarƙashin ciki su ɗauki nauyi, bugun taku kada ya canja, baki ya kasance a rufe cikin natsuwa. Dokin da ke watsa ƙafafun gaba sama alhali na baya suna jan ƙasa yana burge 'yan kallo, amma aikin bai cika ba. Filin wannan gasa daban yake, yana ɗaukar mutum 6,000 da 'yan kai, tikitinsa ma daban. Na safiyar Lahadi kaɗai ya ishe ka, kuma idan Isabell Werth tana cikin jerin, ka tsaya ka gan ta, babu mahayin da ya kai ta yawan lambobin Olamfik.

Asabar kuwa ranar takalmi mai ƙwari ce. Gasa mai rassa uku, wato taku da tsallake da ratsa fili duk a kan doki ɗaya, a ranar take kai wa ƙarshe. Dawakai suna fita ɗaya bayan ɗaya su bi hanya ta cikin makiyaya da gudun mita 570 a minti, suna tsallake kututture da ramuka da gangara zuwa cikin ruwa. Waɗannan shingaye ba sa zubewa kamar na cikin fili, sai wasu da aka sa musu maƙale mai karyewa don kada doki ya wuntsila. Ƙin tsallakewa maki 20 ne, kowane sakan na latti 0.4. A CHIO hanyar wajen kilomita 4 ce, tana ƙarewa a cikin babban fili, ta gasar duniya ta fi haka tsawo. Kowa yana rugawa bakin ruwa, don haka sai ka je da wuri ko ka haƙura da ganin ƙeyar mutane. Shawarata, ka fara daga ƙarshen hanya ka riƙa tahowa baya, ka ga doki biyu ko uku a kowane shinge. Jan tuta tana hannun daman mahayi, fara tana hagu, da haka za ka san ta inda doki zai ɓullo. Idan ka ji usur, doki na tafe. Kada ka tsallake igiya sai a mashigar da aka tanada, kuma sai mai tsaro ya buɗe. Bayan haka karusai masu doki huɗu za su shiga, suna kurɗawa tsakanin ginshiƙai da cikin ruwa, mutum biyu a baya suna jefa nauyinsu gefe don kada ta kife. A nan ne kaɗai za ka yi ihu yadda kake so. Boyd Exell na Ostareliya shi ne gwanin da ya daɗe yana mamaye wannan reshe.

Maganar ihu ta kawo mu ga ladabin wurin. Yayin da doki yake cikin zagaye, shiru ake yi. Ba a tashi daga kujera, ba a kunna hasken kyamara, ba a buɗe laima a bakin katanga, ba a kiran sunan mahayi. Ka ga hular da aka sa wa kunnuwan dawakai, wasu an yi musu cikin da ke rage ƙara. Da zarar ya ƙetare layin ƙarshe, sai tafi. Barga a rufe take ga duk wanda ba shi da katin izini, kada ka wahalar da kanka da roƙon mai gadi, kuma kada ka miƙa hannu ka shafa doki ko ka ba shi wani abu, saboda dokar ƙwayoyi takan kama doki kan ɗan abin da ya lasa. Ka sa farin hankici a aljihu don yammacin Lahadi, da shi jama'a ke yi wa mahaya ban kwana.

Tikiti ka saye shi a shafin masu gasar kai tsaye, watanni kafin lokaci, don na Alhamis da Lahadi suna ƙarewa da wuri. Kujerar ƙasa kusa da fili tana ba ka ƙarar kofato da girman tsalle, amma shingaye suna tare wa juna. Ta sama tana nuna maka layi da kwana da ƙirgen taku. In za ka iya, Alhamis ka zauna sama, Lahadi ka sauko. Akwai wurin tsayuwa mai araha, nan ne tsofaffin 'yan kallo suke, sai dai ba rufi. Aachen gari ne mai ruwan sama ko da rani, ka tafi da rigar ruwa da rigar sanyi don dare.

Masauki shi ne babbar matsala, otal-otal na cikin gari suna cika, kuɗinsu ya ninka. Amma garin yana bakin iyakar Holan da Beljiyam, don haka ana kwana a Vaals ko Heerlen ko Maastricht a shigo da bas ko jirgin ƙasa, wasu ma daga Kolon suke zuwa, tafiyar da ba ta wuce sa'a guda ba. Jirgin sama daga Abuja ko Legas yana sauka Frankfurt, daga filin jirgin ka hau jirgin ƙasa. Brussels ma kusa take. Filin Soers yana arewacin gari, daura da filin ƙwallon Tivoli, bas na zuwa har can. Bizar Schengen za ka nema a ofishin jakadancin Jamus, kuɗinta Yuro 90, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma samun ranar ganawa shi ne ke cin lokaci, don haka ka fara da wuri. Ka haɗa da tikitin gasar da shaidar masauki da bayanan banki na gaskiya, ka guji 'yan ka-yi-na-yi masu haɗa takardun bogi.

Ga salla, akwai Masallacin Bilal kusa da tashar jirgin ƙasa ta yamma, wanda aka aza tubalinsa a 1964, yana cikin tsofaffin masallatan Jamus, akwai kuma na Yunus Emre a gabashin gari. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura, ka tsara lokutanka a kan haka. Tsiren da ake gasawa a rumfunan filin yawanci naman alade ne, ka tsaya kan kifi da dankali, ko ka bari sai ka koma gari wurin Turkawa. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi. In ka samu safiya guda, ka leƙa tsohuwar majami'ar Sarki Charlemagne. A wannan gari ne giwar da Halifa Haruna Rashid ya aiko masa daga Bagadaza, mai suna Abul Abbas, ta iso a shekarar 802.

Kayan doki kuwa akwai kasuwa guda a cikin filin. Ka sayi hular kwano mai kyau, da kayan gyaran kofato, da linzami mai laushi ka gwada a kan ɗan dukushi. Sirdi ka yi hattara: an ƙera su don dawakai masu faɗin baya, namu sun fi sirantaka, sirdin da bai zauna ba kuwa gyambo yake jawowa. Ka auno bayan dokinka da waya mai lanƙwasuwa, ka zana siffar a takarda ka tafi da ita.

Sayen doki ban ba ka shawara ba. Waɗanda za ka gani a fili ana maganar miliyoyin Yuro ne, kuma da wuya ka ga mai ƙasa da shekara 9, shekaru aka yi ana gina su. Ko ɗan matsakaici ka saya, zafinmu da ƙudan tsando da kaska za su fara da shi, sannan ga cutar dawakan Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa. Dawakanmu sun ɗan saba da ita, na Turai kuwa tana kashe mafi yawan waɗanda ta kama. Sai da rigakafi da barga mai raga da likita a kusa ake riƙe irinsu a nan. Ita ce kuma ta sa Tarayyar Turai ba ta karɓar doki kai tsaye daga ƙasashenmu, wanda ya shigo nan fitar da shi sai an bi ta wata ƙasa an yi dogon killacewa. Idan kana son ka inganta bargarka, kuɗin ya fi amfani a wurin likita da mai gyaran kofato da abinci mai kyau ga biyun da kake da su. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.